Mai Doguwar Kujera da 'Yar Rasha

Har yau idan na wuce wani shago a unguwar Aziziyya ta Makka na hango ana nuna wasan tanis a talabijin, kauda kai nake yi in ƙara sauri. Mata biyu ne a duniya ban yafe musu ba. Ɗaya autar goggona ce, wadda muka yi shekara shida muna tsoma hannu a faranti ɗaya. Ɗayar kuwa wata 'yar Rasha ce mai buga tanis, wadda ba ta san an halicce ni ba.

Ina da shekara ashirin da biyu Yaya, babban ɗan Goggo, ya yi mini igama, wato takardar izinin zama, ya ɗauko ni daga Kano don in kula da mahaifiyarsa. Goggo yayar babana ce. Tun tana amarya ta zo Makka, a unguwar Jarwal ta haifi 'ya'yanta duka, kuma a can na same ta, a wani tsohon bene da ake jin kiran sallar Harami daga tagarsa. Idonta ya tafi, haske da duhu kawai take rarrabewa, gwiwoyinta ma sun ƙi. Ni ke yi mata wanka, in ba ta magani, in tuƙa mata tuwo irin na gida, ranar Juma'a kuma in tura kekenta mu gangara Harami. Da littattafan soyayya goma sha ɗaya na zo a ƙasan jakata, duk bangonsu ya yi laushi don karatu. Cikin wata biyu na karanta mata su kaf, na maimaita, har ta fara riga ni faɗin abin da saurayi zai ce.

Auta sa'ata ce. A Makka aka haife ta, Larabci ne harshenta, Hausarta kuwa gurguwa ce, ta ce wa mace "shi" ta ce wa namiji "ita". Goggo kuma duk daɗewarta Larabcin cefane kawai ta iya. Hirar uwa da 'ya ba ta wuce "kin ci abinci?" da "kin sha magani?" Sai ga ni na faɗo gidan da Hausa cike da baki, Goggo tana dariya da ni tun safe har la'asar. Tun makon farko Auta ta tsane ni, ni ma ban ɓata lokaci ba wajen ramawa. Ta ce ina warin daddawa, na ce mata mai rabin harshe. Idan abin ya yi zafi sai Goggo ta ce a bar mu, 'yar mace da 'yar namiji ai taubasai ne, wasa muke yi. Ba wasa muke yi ba. Taubasantakar dai ta ba kowaccenmu damar yankar 'yar'uwarta a gaban mutane tana murmushi.

Yaya yana kula da wasu gidajen saukar alhazai a Aziziyya, kullum kuma yana neman mai shara da wankin zannuwan gado. Duk zuwan da zai yi sai Auta ta kawo masa shawara da Larabci, tana tsammanin ba na tsintar komai, cewa a mai da ni can, ita za ta iya da uwarta. Na san abin da ke can: ɗaki ɗaya da mata shida, da bokiti da tsintsiya. A Jarwal kuwa katifata tana gefen gadon Goggo. Abin da ya tsaya tsakanina da Aziziyya bakin Goggo ne kawai.

Talabijin ɗaya ce a falon, rimot ɗinta kuma a hannun Auta yake kwana. Ba ta kallon komai sai tanis, a tanis ɗin ma mace ɗaya take bi, wannan 'yar Rasha. Lokacin yarinyar ba ta yi suna ba, sai ta buga wasannin share fage kafin a bar ta ta shiga gasa. Doguwa ce, fara sol, idanunta launin ruwan kwalba, gashinta ɗaure da ƙyalle fari, irin wadda idan a littafi ne shafi biyu za a ba ta kafin ta buɗe baki. Wata ranar bayan la'asar Goggo tana zaune tana jin ƙarar ƙwallo, fas, fas, ta tambaya wai me ake dakawa a ciki. Auta ta fara bayani, ta yi kalma huɗu da Hausa, ta maƙale, ta koma Larabci, ta yi tsaki. Sai Goggo ta juyo gefena ta ce in gaya mata abin da nake gani.

Abin da na gani na faɗa. Mata biyu suna bugun ƙwallo ta saman raga, a tsakiyarsu wani mutum mai gemu yana zaune a kan wata doguwar kujera mai tsani, shi kaɗai, sama da kowa. Mai sharhi da Larabci yake zuba, amma a ƙarƙashin muryarsa ana jin ta mai kujerar yana magana da Turanci, a natse, cikin lasifika. Ban kama komai ba sai kalma guda, wadda duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙar saurayi ya sani, wadda mu muke furtawa lob, wato so. Kuma duk lokacin da ya faɗe ta sai a nuno fuskar 'yar Rasha ta sunkuyar da kai tana gyara igiyoyin raket ɗinta, abin bugun ƙwallon, da yatsu, ba ta ko kallon inda yake. Na karanta wannan sunkuyar da kai a littafi goma sha ɗaya. Kunya ce. Wallahi a ranar da zuciya ɗaya na gaya wa Goggo cewa mutumin nan sonta yake yi, a gaban dubban jama'a yake kiranta masoyiya, ita kuma tana ja masa aji.

Goggo ta gyara zama. Ta tambayi tsawonsa, da ko gemun nasa ya fara furfura, da ko yarinyar tana da iyaye. Auta ta dube ni tsawon lokaci, ta buɗe baki, ta rufe, ta ƙara muryar talabijin.

Daga nan muka samu littafi na goma sha biyu, wanda ba ya ƙarewa. Duk ranar da 'yar Rasha za ta yi wasa, Goggo ta sa in yi girki da wuri. Yarinyar kuwa a lokacin faɗuwa take yi fiye da ci, saboda haka kalmar tana yawan fitowa, Goggo tana lissafa ta da carbi. Ran da ya faɗa da yawa ta ce yau abin ya motsa masa. Ran da yarinyar ta yi nasara aka ji kalmar jefi-jefi, ko aka ji ta ana nuno ɗaya matar, sai Goggo ta ɓata rai ta ce namiji ke nan, ya ga wata. Wata Juma'a ina tura ta a farfajiyar Harami, mun fuskanci Ka'aba, na ji bayan ta gama da 'ya'yanta da jikokinta da mamatanta ta ƙara da cewa Allah Ya shiryi yarinyar nan ta Rasha, Ya sa mai kujera kada ya gaji da kiranta lob. Na ce amin.

Wata huɗu na yi cikin wannan imani. Na fara shakka ran da na ga mai sanƙo a kan kujerar, washegari kuma mace. Ina cikin neman yadda zan daidaita abin a kaina Auta ta same ni a kicin ina tankaɗe garin alkama a tire. Ta sha ruwa, ta tsaya a kaina, ta sa ɗan yatsa cikin garin ta zana da'ira.

"Mene ne wannan, ya ustaza?"

Na ce sifiri ne.

"To shi ne lob. Ma fi shai, babu komai. Mutumin maki yake ƙirgawa. Idan ya ce haka, yarinya bai ci ko ɗaya ba."

Ta lashe garin da ke yatsanta ta fita. Na tsaya ina kallon ramin da ta bari a tiren har man da na ɗora ya fara hayaƙi. Ashe wannan sunkuyar da kai ba kunya ba ce, takaici ne. Ashe duk abin da Goggo take lissafawa da carbi, faɗuwa ce.

Na san abin da ya kamata in yi a ranar. In je in durƙusa gaban Goggo in ce na yi kuskure, mu yi dariya a wuce wurin. Amma a makon nan Yaya ya zo, Auta ta sake tayar da maganar Aziziyya, na ji Goggo daga ɗaki tana cewa idan aka ɗauke ni wa zai ba ta labarin yarinyar. Wannan magana ce ta rufe mini baki. Da aka kunna wasa na gaba, mace ce a kan kujera, na ce wa Goggo ƙanwarsa ce ya aiko da saƙo.

Auta ba ta tona ba, kuma kada wani ya ce mini tausayi ne. Ta samu wuƙa ne ta ga ta fi daɗi a cikin kube. Idan muna zaune mu uku sai ta haɗa babban yatsa da manuni ta ɗaga mini da'ira a gaban idon uwarta da ba ya gani. Ta daina ce mini mai warin daddawa, ta koma kirana "ya lob". Ya lob, kawo shayi. Ya lob, an buga ƙofa. Goggo ta yi ta godiya ga Allah wai taubasai sun shirya, har sunan ƙauna ake kira. Ni kuma in amsa da "na'am" ina jin kamar in watsa mata shayin. Abin da na iya na yi: duk kalmar Hausa da ta karya sai na maimaita ta a gaban baƙi, a hankali, yadda ake yi wa mai koyon magana. Akwai wani abu kuma da sai yanzu nake yarda da shi, shi ma da ƙyar. Kafin zuwana Goggo ba ta taɓa zama kusa da Auta tana kallon abin nan da take so ba. Ƙaryata ce ta zaunar da uwarta a gefenta, ta sani, kuma ta ƙara tsanata saboda haka.

Shekara biyar da wani abu muka yi a haka, 'yar Rasha tana hawa tana sauka, ni ina bin ta da zare da allura ina ɗinke duk abin da ya same ta a jikin labarina. Ta yi ƙarfi ta fara doke manya, sunanta ya hau sama a jerin gwanaye, na ce ta ɗauke kai ne don ta gwada shi. Ta kori kocinta ta ɗauki wani, na ce wancan ɗan leƙen asirin danginta ne. A filin jar ƙasa ta fi iyawa, a kan ciyawa kuwa santsi yake kwasarta, na ce a garin ciyawa dangin mai kujera suke, kunyar surukai ce take kama ta. Sau ɗaya ta kai wasan ƙarshe na wata babbar gasa, aka lallasa ta cikin ɗan lokaci, Auta ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, Goggo kuwa ta ce ba ta taɓa jin ya kira ta kamar yau ba, lallai an kusa. Da wuyan hannunta ya lalace aka yi mata aiki ta ɓace kusan shekara, na ce an kulle ta a gida. Da ta dawo aka cire tutar ƙasarsu daga gefen sunanta, Auta ta faɗa da bakinta, ni kuma na ce danginta ne suka sallama ta saboda ta ƙi rabuwa da shi. Goggo ta yi hawaye ranar.

A cikin shekarun nan ne na tsani yarinyar. Ta riƙe ni kamar bashin rai. Idan ta ci, Goggo ta kwana da damuwa, in yi ta lallashi. Idan ta faɗi, Goggo ta yi murna, Auta ta huce a kaina. Na san yadda take buga ƙwallo a ƙasa sau biyar kafin ta jefa sama, na san yadda take hura tafin hannunta, na san tabon aikin da ke wuyan hannun, kuma ban taɓa so mata alheri ba. So nake ta yi ta faɗuwa a hankali, kada ta yi nasarar da za ta kashe labarin, kada kuma ta faɗi faɗuwar da za ta bar wasan. Kowace Juma'a Goggo ta yi addu'arta a gaban Ka'aba, ni ina riƙe da hannun keke ina cewa amin, kuma ni kaɗai a duk farfajiyar na san abin da ake roƙo.

Bayan aikin hannun ba ta ƙara komawa yadda take ba. Ta koma wasannin share fage inda ta fito, yara sababbi suna wuce ta. Sai wata rana Auta ta shigo da waya a hannu, idonta ja, ta ce yarinyar ta ba da sanarwa, gasar da ke tafe ita ce ta ƙarshe. Na gaya wa Goggo aure za a yi, shi ya sa za ta ajiye raket. Na riga na shirya ƙarshen: zai sauko daga doguwar kujera a gaban jama'a, karo na farko, ya tsaya a ƙasa ɗaya da ita. Bayan nan kuma in ci gaba da ba Goggo labarin gidansu daga kaina, ba sai da talabijin ba.

Bayan azahar aka fara wasan. Goggo ta sa na ɗaura mata sabon ɗankwali. Wata yarinya ce ƙarama aka haɗa ta da ita, mai bugu kamar tana jin haushin ƙwallon, kuma tun farko aka ga inda abin ya dosa. A zagayen ƙarshe 'yar Rasha ce ke jefa ƙwallo. Ta farko ta faɗa raga, mai kujera ya ce lob. Ta biyu ta fita waje, ya sake faɗa. Ta uku yarinyar ta mayar mata ta wuce ta gefenta, ya faɗa karo na uku. Ta huɗu ko motsawa ba ta yi ba. Jama'a suka miƙe suna tafi, ita ta rufe fuska da tawul kafaɗunta suna girgiza. Goggo ta ɗaga hannu biyu sama tana dariya tana cewa Alhamdu lillahi, sau uku a jere, Allah Ya karɓi addu'ar tsohuwa.

Auta tana ƙasa a gaban talabijin tana kuka. Ta juyo ta dubi uwarta tana wannan murna, ban ga ta dube ni ba ko sau ɗaya.

"Ummi, halas. Ba so ba ne. Lob sifir ne. Duk ranar da kin ji shi, yarinya ya faɗi. Babu aure, babu mai kujera, mutane daban-daban ne. Yau an cinye shi babu ko ɗaya, kina cewa Alhamdu lillahi."

Goggo ta sauke hannuwanta a hankali ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana gani. Ta tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Ta tambaya ko yau na sani. Da na ce e, da wataƙila har yanzu ina Jarwal. Amma Auta tana wurin, kuma garin alkamar nan yana tsakaninmu. Na ce tun shekarar da na zo.

Ta daɗe tana jan carbi. A talabijin ana miƙa wa 'yar Rasha furanni.

"Da a ɗakin nan kika tsaya da ƙaryarki, da dariya zan yi," in ji Goggo. "Amma ke kika tura ni da hannunki har gaban Ɗakin Allah, shekara da shekaru, ina roƙa wa 'yar mutane faɗuwa, kina bayana kina cewa amin."

Na ce Allah Ya san nufinta. Ta ce Shi Ya san nufinta, ni kuma na san abin da bakinta yake faɗa. Na ce ai Auta ma ta sani, tare muka yi shiru.

"Ita ba ta ce amin ba."

Ba ta yi mini faɗa ba bayan wannan. Ta karɓi maganinta daga hannuna, ta ci tuwona, ta amsa gaisuwata. Ranar Juma'a na fito da keke na shimfiɗa mata darduma a kai, sai ta ce in bar shi, Auta za ta kai ta, ita tana da gyaran addu'a da za ta yi a can. Da Yaya ya zo a makon, Auta ba ta ma buɗe baki ba. Shi ya tambaya da kansa ko har yanzu ana bukatata a gidan, ina kicin ina jiran muryar Goggo, ban ji ta ba.

Yanzu shekarata biyu a Aziziyya. Lokacin aikin Hajji ba na sanin inda kaina yake, sauran watanni kuma benen ya zama kango, in yi ta share ɗakunan da ba wanda ya ɓata. Wani lokaci akan sauke alhazan ƙasar Rasha a hawa na biyu, mata masu fararen fuskoki da ba sa jin Larabci, su yi mini murmushi su ba ni alewa. Ina karɓa, amma ba na daɗewa a ɗakinsu. An ce ita mai tanis ɗin tana koyar da yara wasan a garinsu. Ban tambaya ba, Yaya ne ya faɗa, wai Goggo ce take sa a duba mata lafiyarta a waya.

Sau ɗaya na hangi Goggo da Auta a farfajiyar Harami. Auta tana tura keken a karkace, tana cin karo da ƙafafun mutane, ta sunkuya tana gaya wa Goggo wani abu da wannan gurguwar Hausar tata, Goggo tana gyara mata tana dariya. Auta ta ɗago muka haɗa ido. Na tsaya ina jira ta ɗaga mini da'irar nan da yatsunta, na ma shirya abin da zan mayar mata. Ba ta ɗaga ba. Hannunta biyu suna kan keke, ta juya shi suka shige cikin jama'a.

Ƙarshen da na shirya yana nan, na rubuta shi a bayan ɗaya daga cikin littattafaina goma sha ɗaya, inda aka bar shafi biyu fari. A ciki mai kujera ya sauko, tsani bayan tsani, ta ɗago kai ta dube shi karo na farko. Ya fi duk abin da na taɓa karantawa kyau. Sauran matan ɗakinmu biyar ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.